Tsakanin sikeli da iska

A birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar mazauna Amurka suka fara taruwa tun shekarun 1990, akwai wani mutumin ƙasar Tasawa wanda har yau ƴan gida ke kira Mushe, ko da yake ya fi shekara ashirin rabonsa da alli. Lissafi ya koyar a wata kwaleji ta Maraɗi. Bayan karyewar darajar sefa a 1994, da shekarun da albashi ya riƙa zuwa kamar ruwan bazara, yau akwai gobe babu, sai ya bi sawun abokansa ya ƙetare teku. Ya yi aikin ƙarfi iri-iri kafin Allah ya kai shi wata masana'anta da ke sassaƙa ƙananan ƙarafan injuna, aka ba shi ɗakin awo. Shi ke duba ko ƙarfen da aka yanka ya yi daidai da zanen da aka tsara, ko kuwa ya kauce da kaurin silin gashi. Aikin ya dace da halinsa, domin mutum ne da zuciyarsa ba ta kwanciya da abu sai ya ga lambarsa a rubuce.

A 2016 wani abokin aikinsa ya gayyace shi kallon gasar harbin nesa a Butner, wani tsohon sansanin soja na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da ke arewa da Durham, tafiyar awa ɗaya da ƴan mintoci daga gidansa. Dole a ɗan tsaya a nan. Mai karatu da ke Madarunfa ko Gidan Rumji, inda ƙarar bindiga cikin dare ta zama sallamar ɓarayin shanu da masu satar mutane, da wuya ya iya haɗa kalmar bindiga da kalmar wasa a jumla ɗaya. Mushe kansa bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa inda yake zuwa ranar Asabar ba. Amma wasan tsoho ne, kuma ba a harbin kome a cikinsa sai takarda. Tun 1860 Ingilishi ke yin gasarsu a Wimbledon, kafin su koma Bisley a 1890. A 1874 kuma aka yi wata karawa da ta shahara a filin Creedmoor kusa da New York tsakanin Amurkawa da ƴan Ailan, daga nisan yadi 800, da 900, da 1000, Amurkawa suka yi rinjaye da maki 934 a kan 931. Abin lura a labarin shi ne bindigogin ƴan Ailan ta baki ake ɗura su, kamar dai na mahalban ƙasar Hausa, na Amurkawa kuwa na zamani ne masu buɗewa ta baya, amma duk da haka maki uku kacal ya raba su.

Reshen wasan da Mushe ya tarar a Butner ana kiransa ajin F, daga harafin farko na sunan George Farquharson, wani dattijo ɗan Kanada da idonsa ya raunana, ya nemi a bar tsofaffi irinsa su yi amfani da madubin hange da abin dogara bindiga. Mai harbi yakan kwanta rub da ciki, allon da zai harba yana can nisan yadi 1000, wato mita 914. A tsakiyar allon akwai da'ira mai faɗin santimita 25, ita ce ta maki goma. Ta maki tara faɗinta ya ninka wannan. Haka suke ta buɗewa makin yana raguwa. Harsashi ashirin ake ƙidayawa a kowane zagaye, cikakken maki 200. Harsashin bindiga mai lamba 308, irin wadda Mushe ya saya daga baya, yakan yi kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi a hanya, ya hau sama kamar mita uku, sannan ya gangaro. Cikin wannan daƙiƙa da rabi ba ya hannun mai shi, yana hannun iska.

Mahalarta karɓa-karɓa suke yi: wasu na harbi, wasu na rubuta maki, wasu na cikin rami. Ramin yana bayan tudun ƙasa ne a gindin alluna. Da an harba, sai na ciki su jawo allon ƙasa, su nemo hudar, su cusa mata alama, su liƙe tsohuwar, su mayar da shi sama. A nan aka ajiye Mushe ranar farko. Yakan ji harsashi ya wuce bisa kansa da ƙara kamar bulala, sai bayan kusan daƙiƙa guda amon bindigar ya iso daga nesa, abin da ya faranta ran tsohon malami ƙwarai, domin darasin gudun sauti ne da ya sha zanawa a allo yake ji da kunnensa. Ya kuma lura da wani abu: hudojin ba su cika warwatsuwa sama da ƙasa ba, hagu da dama suke bajewa kamar an shanya wanki a igiya. Ya lura, ya yi mamaki, ya manta. Shekara huɗu ya yi kafin ya sake tunawa.

Abin da ya kama zuciyarsa a wasan ba filin ba ne. Ɗuri ne. Kusan duk mai gasar nesa da kansa yake haɗa harsashinsa a gida. Abubuwa huɗu ne: kwanson tagulla, wanda ake iya sake amfani da shi sau da yawa, ɗan ƙaramin ƙyastu da ake cusawa a gindin kwanson, shi ke tada wuta idan an ja kunama, albarushi, sai kan harsashin kansa, dalma a cikin rigar jan ƙarfe. Ana wanke kwanson, a matse shi ya koma siffarsa, a rage tsawonsa, a sa ƙyastu, a auna albarushi a zuba, a dasa kan. Dalilin wannan wahala a fili yake. Idan harsashi ɗaya ya fi ɗan'uwansa gudu da mita 15 a daƙiƙa, abin da kan faru a cikin kwalin kanti ɗaya, to a mita 914 tazarar da ke tsakanin hudojinsu daga sama zuwa ƙasa ta kusa rabin mita. Mai son da'irar santimita 25 ba zai lamunci haka ba.

Mushe ya fara da abin matsi guda da ƙaramin sikeli a kusurwar garejinsa. Kafin shekara biyu motar matarsa ta koma kwana a waje. Ya sayi sikelin ɗakin bincike mai jin miligiram ɗaya, tare da ƴar na'ura da ke sako albarushi ƙwaya-ƙwaya har nauyin ya cika. Ya sayi abin auna kaurin wuyan kwanso, da abin duba ko kan harsashi ya zauna a miƙe, da na'urar auna gudu. Ya riƙa jera kwanson bisa nauyi, kowane rukuni da akwatinsa da takardarsa. Bayan sallar isha'i yakan shiga ya rufe ƙofa, fanka a kashe domin numfashi ma yana motsa lambar sikelin, ya ɗauki ɗan hantsaki ya cire ƙwayar albarushi guda daga cikin kusan dubu biyu, lambar ta dawo daidai, ya ji wani sanyi a ransa. Wanda bai taɓa yin aikin hannu mai tsafta ba ba zai gane wannan daɗi ba, bai kuma kamata a raina shi ba. Irinsa ne baduku ke ji idan ɗinkin ya tafi sak.

Wata rana wani akwati ya sake isowa, matarsa ta tarye shi a bakin ƙofa.

"Malam, wannan kuma na mene ne?"

Ya yi mata bayani cewa na'ura ce da ke gasa wuyan kwanso domin tagullar ta yi laushi, ta riƙe kan harsashi da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci. Ta saurara har ya gama, sannan ta tambayi kuɗin. Ya faɗa da dalar Amurka. Ita kuwa duk shekarun da ta yi a can ba ta daina lissafi da sefa ba. Ta yi shiru kaɗan.

"Jika ɗari tara ke nan. Rufin ɗakin Inna da ake ta magana tun bara bai kai haka ba."

Ba ta ƙara kome ba, shi ma bai amsa ba. Ya shigar da akwatin gareji.

Da makin yana hawa, da ya sami abin kare kansa. To ba ya hawa. A shekarar farko yana samun 183 ko 185 cikin 200. A ta huɗu, da duk kayan nan, yana samun 186, wani lokaci 188 idan safiya ta yi lumui. Waɗanda ke cin gasar suna sama da 195. Duk ranar da ya dawo gida da irin wannan maki sai ya zauna ya binciko laifin: wataƙila zurfin dashen kan harsashi ne, wataƙila wannan kwalin ƙyastun ya bambanta da na baya, wataƙila albarushin ya sha raɓa. Sai ya haɗa sabon gwaji, biyar da wannan awo, biyar da wancan, ya tafi wani ƙaramin fili kusa da gida ya harba daga mita ɗari, inda iska ba ta da ta cewa, ya dawo da takardu yana auna tazarar hudoji. Mutumin da ya koyar da lissafi ya san sarai cewa harbi biyar ba ya tabbatar da kome, kamar yadda ba a yanke wa ɗalibi hukuncin shekara da tambaya ɗaya. Ya sani, amma ya riƙa yi. Kuma kowane gwaji yana cin ran bututun bindigar, wanda ƴan dubban harbi ne iyakarsa kafin wuta ta cinye maƙogwaronsa. Kusan rabin ran bututunsa na farko a mita ɗari ya ƙare.

Akwai wani dattijo da ba ya fashin zuwa Butner, tsohon mai kiwon shanun madara, ya haura saba'in, hannuwansa kamar saiwar gawo. Abin matsinsa ya girmi ƴaƴan Mushe, sikelinsa kuwa na da ne mai ɗan sanda da ke lilo. Tun da ya ji Mushe ya taɓa koyarwa yake kiransa Malam. Wata ranar gwaji a ƙarshen 2019, bayan Mushe ya tashi da 185 yana ƙorafin sabon kwalin kwanso, sai dattijon ya ce:

"Malam, ara mini bindigarka da harsashinka ashirin."

Ya kwanta a tabarmar Mushe, ya gyara madubin daidai idonsa, ya yi gwaji biyu. Sannan ya fara. Ba ya gaggawa, ba ya kuma jinkiri. Wani lokaci ya harba uku a jere kafin allo ya gama tsayawa, wani lokaci ya ɗaga kai daga bindigar ya zuba wa fili ido minti biyu kamar mai jiran baƙo. Ya tashi da 197. Ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce:

"Harsashinka ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ban taɓa harba mai kyansa ba."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Mushe ya yi godiya, ya naɗe tabarmarsa, ya tuƙa mota har gida bai kunna rediyo ba. Hausawa sun daɗe da yi wa wannan hali suna: an bar jaki ana dukan taiki.

Daren nan bai taɓa sikeli ba. Ya ɗauko takarda ya yi lissafin da ya kamata ya yi tun ranar ramin. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, idan ta bugo daga gefe, takan kautar da harsashi irin nasa fiye da mita biyu a wannan nisa. Ke nan kuskuren kilomita ɗaya da rabi kacal wajen ƙiyasta ta, bambancin da fatar fuska ba ta cika ji ba, ya isa ya kai harsashi santimita 20 gefe, ya fitar da shi daga da'irar goma. Ƙwayar albarushi guda kuwa, wadda yake cirewa da hantsaki, abin da take canzawa a allo bai kai santimita ɗaya ba. Sai ya zana kusurwa uku mai miƙaƙƙiyar kwana, irin wadda ya zana wa ƴan aji sau ɗaruruwa a Maraɗi. Kuskuren harsashi sama da ƙasa yake tafiya, na iska hagu da dama, nisan huda daga tsakiya kuwa shi ne dogon gefen, ka'idar Pitagor ke nan ba ƙari. Ya sa 5 a tsaye, 20 a kwance: amsa santimita 20 da milimita 6. Ya raba kuskuren harsashi biyu, abin da ya kashe shekaru da dukiya yana nema: amsa ta koma santimita 20 da milimita 2. Ya mayar da 5 wurinta, ya raba na iska biyu: santimita 11 da milimita 2. Ya daɗe yana kallon lambobin uku.

Ba shi ya fara gano wannan ba. Bryan Litz, injiniyan jiragen sama kuma gwanin harbin nesa a Amurka, ya fitar da littafi a 2012 inda ya sa kwamfuta ta kwaikwayi harbi dubbai, yana rage kuskure ɗaya ya bar sauran, don a ga wanne ya fi tasiri. A nesa mai yawa rashin sanin iska ne ke kan gaba. Littafin yana kan kantar Mushe. Ya karanta shi tun 2017, har ya ja layi a ƙarƙashin wasu jumloli, sannan ya juya ya sayi sikeli.

Wannan ne wurin da labarin ya fi wuyar faɗa, domin ba jahilci ne ya tsare shi a gareji ba. A gareji kowace tambaya tana da amsa, amsar kuma tana fitowa da jan haske a fuskar na'ura, ba mai gani sai shi. A fili kuwa amsar tana hawa sama a kan allo mai faɗin kusan mita biyu, a gaban mutum talatin, kuma mai rubuta maki yana faɗinta da ƙarfi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga shi kuma sau da yawa shi kaɗai ne baƙar fata a layin, mai sunan Musulmi, mai Ingilishi da karin Faransanci, wanda kan koma bayan mota ya shimfiɗa darduma idan azahar ta yi. Ba wanda ya taɓa faɗa masa maganar banza a wurin. Akasin haka ma, sun ara masa kaya, sun ba shi shawara. Amma baƙo ba ya bukatar a faɗa masa kome kafin ya ji idanu a bayansa, ko da idanun nasa ne. Ya ɗora wa kansa cewa kada a taɓa ganin gazawarsa, sai ya riƙa zuwa gasa kawai, sau ɗaya a wata, da harsashin da ba mai kushe shi, yana guje wa ranakun gwaji, inda ake zubar da maki a koyi abu.

Ya tuna da wasu ɗalibai da ya sani a kwaleji, kowane malami ya san irinsu. Kayensu ya fi na kowa tsafta: take da jan biro, ka'ida a cikin akwati, layi da rula. Sukan kwana suna sake kwafe darasi. Amma a ce su fito allo su warware matsala guda, sai ciwon ciki ya tashi. Yakan yi musu faɗa a lokacin, yana ganin lalaci ne. Sai da ya kai shekara hamsin da ƴan kai, a wata ƙasa, ya fahimci cewa waɗannan yara sun fi kowa wahala a ajin, tsoro ne kawai ya zaɓa musu irin wahalar da za su sha.

Sanin ciwo daban, shan magani daban. Mai yiwuwa da ya koma ga hantsakinsa bayan mako biyu, ba don abin da ya faru a 2020 ba. Da annobar korona ta zo, Amurkawa suka yi rububin sayen bindigogi da harsasai, kamfanoni suka karkatar da ƙyastun da suke yi zuwa harsashin kanti, masu ɗuri a gida suka wayi gari babu shi a kasuwa, in an samu kuma kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Haka aka ƙare 2020 aka shiga 2021. Mushe ya ƙidaya abin da ya rage masa: ɗari huɗu da ƴan kai. Gwaje-gwajen mita ɗari suka mutu da kansu. Duk na'urorin nan suka zauna a ƙarƙashin mayafi, domin ba a ɗura harsashi ba ƙyastu.

Da aka sake buɗe fili, dattijon ya ce masa ya riƙa zuwa ko ba zai harba ba. "Bar bindigar a gida, Malam. Zo da madubi da abin rubutu." Ya zaunar da shi a bayan layi. Aikin shi ne, kafin kowane harbi na wani, Mushe ya rubuta inda yake zaton harsashin zai faɗa, sannan ya duba allo ya ga gaskiya. Ranar farko ya yi zato sittin, bai dace da ashirin ba. Babu mai faɗin makinsa da ƙarfi, amma kayen yana faɗa masa.

A hankali fili ya fara yi masa magana. Tutocin da aka kafa a gefe suna da nauyi, sukan makara wajen ba da labari, kuma abin da ta kusa ke faɗa ba lalle ta nesa ta yarda da shi ba. Itatuwan da suka kewaye filin suna tare iska a wani wuri su sako ta a wani. Abin da ya fi gaskiya shi ne kawalwalniya. Idan aka ɗan karkatar da madubi ya daina kallon allo, ya kalli sararin da ke tsakani, sai a ga zafin ƙasa yana malala kamar ruwa a kan dutse. In tana tafiya a karkace, iska kaɗan ce. In ta kwanta tana gudu, ta yi ƙarfi. In ta tsaya tana tafasa a wuri ɗaya, to ko iskar ta ɗauke ko tana shirin juyawa, mai hankali ba ya harbi a lokacin. Mushe ya yi dariya ranar da aka nuna masa wannan. Ya girma yana ganin kawalwalniya a kan hanyar Tasawa zuwa Maraɗi duk watan bazara, a matsayin abin da ke ruɗin matafiyi. Bai taɓa zaton akwai inda ake dogara da ita ba.

A wannan zama ne kawunsa ya riƙa faɗo masa a rai. Mahalbi ne, kamar yadda ake faɗa a can, bindigarsa irin wadda ake yi wa ba'a da suna harba-ka-ruga. Awon albarushinsa tafin hannu ne, in ya ɗura sai ya zura sanda ya gwada da yatsu. Bindigar ba ta da tabbas bayan taki talatin, saboda haka duk gwanintarsa ta tattaru ne ga yadda zai kai taki talatin ɗin. Mushe yana yaro ya bi shi daji sau biyu ko uku. Abin da ya fi tunawa shi ne yadda tsohon kan tsaya bayan ƴan takawa, ya ɗebi ƙura da yatsu uku ya saki, ya kalli inda ta nufa, sannan ya canza hanya domin kada barewa ta shaƙi warinsu. Ba ya magana. Sau ɗaya kawai ya juyo ya ce, "Ɗana, kai ƙasa kake kallo. Dubi kan ciyawa." Ba daidai ba ne a ce kawun zai iya abin da ake yi a Butner, aikin daban ne, kuma da ya ga sikelin Mushe da ya yi sha'awarsa. Amma shekara arba'in ya yi yana tambayar iska kafin ya ɗaga ƙafa, ɗan ƴar'uwarsa kuwa ya yi huɗu yana harba mata harsashi bai taɓa gaishe ta ba.

A gida ya koma kwanciya a kan darduma a falo, bindiga ba harsashi, yana saita ɗan ɗigon da ya manna a bango, yana jan kunama yana duba ko saitin ya motsa. Minti goma sha biyar kowane dare. Ƴarsa ta ƙarshe, wadda ƙofar gareji ta daɗe da raba su, ta zama mai riƙe masa agogo, tana yi masa dariya in ya ƙifta ido. Ya kuma sayi tsohuwar ƙaramar bindiga mai lamba 22, wadda harsashinta ke da araha da rauni, har iska kan wasa da shi a mita 200 kusan yadda take yi da babban a 900. Da ita ya riƙa fita musamman ranakun da iska ta yi muni, ranakun da a da yakan ce ba su dace da gwaji ba.

Kada a zalunci garejin. Dattijon bai ci 197 da harsashin banza ba, kuma a saman jerin gwanaye, inda kowa ya iya iska, gasa takan rabu ne a kan ƴar da'irar tsakiya mai faɗin santimita 13, wurin da milimita huɗun nan na Pitagor ke da daraja. Waɗannan mutane suna da hujjar sayen kowace na'ura. Ɗuri a gida kuma yana rage tsadar kowane harbi, wanda ya yi amfani da rangwamen ya ƙara fita fili ya ci riba. Kuskuren Mushe na tsari ne: ya fara da abin da ake ƙarewa da shi. Da ƙyastu ya dawo kasuwa bai watsar da ɗuri ba. Ya tsaya a kan awo ɗaya da ya san yana aiki, ya daina taɓa shi. Ya riƙe sikelin, domin yana sonsa, ba ya kuma jin kunyar faɗin haka. Na'urar gasa kwanso ya sayar wa wani likitan haƙori da ya shigo wasan da zafinsa. Ya so ya yi masa nasiha, ya ga ba za ta shiga ba, ya karɓi kuɗin ya miƙa wa matarsa. Ba ta tambaye shi daga ina ba. An rufe ɗakin Inna kafin damina.

A wata gasa ta kaka a 2022, a zagaye na uku, bayan azahar, iska na bugowa daga dama tana ƙaruwa tana raguwa. Mushe ya harba goma sha huɗu, ya zubar da maki uku. Yana shirin na goma sha biyar sai ya ga kawalwalniyar ta rage gudu, ta miƙe, ta fara tafasa, alhali tutar da ke kusa da shi tana nan a miƙe kamar ba abin da ya faru. Na damansa ya harba, na hagunsa ma ya harba. Shi ya cire yatsa daga kunama. Allunan biyu suka sauka suka hau, ɗaya da takwas, ɗaya da bakwai, duka a gefen dama. Ya jira. Minti ɗaya, biyu, uku. Mai rubuta masa maki ya duba agogo ya yi gyaran murya. A minti na huɗu ta sake kwantawa, amma ba kamar da ba, ta fi sanyi kaɗan. Ya rage gyaran da yake bayarwa, ya saki numfashi, ya ja.

Allon ya sauka. Ya daɗe a ƙasa, ko kuwa shi ya ga kamar ya daɗe. Da ya hau, alamar tana gefen hagu, a wajen layin goma da kamar faɗin yatsa biyu.

"Tara," in ji mai rubutu.

Mushe ya jawo kayensa ya rubuta: ta dawo da ƙarfi fiye da yadda na gani, na rage da yawa. Ya ajiye biro, ya ɗauki harsashi na goma sha shida, ya mayar da ido kan madubi.